John Browning, Maƙerin Bindigar Maharba

An haifi John Moses Browning ran 23 ga Janairu, 1855, a garin Ogden ta Amurka. Ɗan gado ne, a maƙerar ubansa ya koyi aikin bindiga.

Cikin 1883 kamfanin Winchester ya sayi fasalin wata bindigarsa. Daga nan ya dinga tsara musu bindigogin farauta masu mariƙi ƙarƙashin kunama, wanda in an ja shi ƙasa kwanso ya fita, in an mayar sabon harsashi ya shiga. Wadda ta fi suna ita ce samfurin 1894, an ƙera fiye da miliyan 7.

To, 1894 ko 94 da ke jikinta sunan samfuri ne kurum. Mai neman shekarar da aka ƙera tasa sai ya duba lambar da aka buga ƙarƙashin cikinta, ya gwada da rajistar kamfani. Na kafin 1964 sun fi daraja, don a shekarar ne aka sauƙaƙa ƙirar saboda tsimin kuɗi.

Cikin 1902 suka ɓata da Winchester kan kuɗi, ya koma hulɗa da kamfanin FN na Beljiyam. Can ya mutu a bakin aiki ran 26 ga Nuwamba, 1926.