Ramanujan: Akawun da Wasiƙarsa ta Girgiza Masana Lissafi

Gabatarwa

Ni ɗalibin harshe ne, kuma ban taɓa shiri da lissafi ba. Abin da ya ja hankalina ga Srinivasa Ramanujan shi ne takardunsa, domin da ba a adana su ba, da rabin iliminsa ya bi shi kushewa. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Ramanujan ranar 22 ga Disamba, 1887, a garin Erode da ke kudancin Indiya, ya kuma tashi a Kumbakonam. Mahaifinsa akawu ne a wani kantin tufafi. Yana ɗan shekara 16 ya samu wani littafin lissafi na G. S. Carr, ya duƙufa a kansa ba dare ba rana. Son lissafi ya sa ya yi watsi da sauran darussa, har ya faɗi jarrabawa a kwalejoji biyu, ya fita ba digiri. Saboda tsadar takarda, a kan allo yake aiki, sakamakon kawai yake kwafewa a littafi. A 1912 ya samu aikin akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras, wadda yanzu ake kira Chennai.

Wasiƙar 1913

Ya rubuta wa masana biyu a Jami'ar Kambirij, bai samu biyan buƙata ba. Ranar 16 ga Janairu, 1913, ya aika wa G. H. Hardy wasiƙa mai ɗauke da ƙa'idojin lissafi kusan 120, ba tare da hujjojinsu ba. Hardy da abokinsa J. E. Littlewood suka zauna suka duba, suka gane cewa wannan akawu ba kanwar lasa ba ne. Hardy ya amsa yana neman hujjoji, daga baya ya shirya masa zuwa Ingila a 1914.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Ga sanyi, ga Yaƙin Duniya na Farko, ga shi ba ya cin nama. A 1917 ciwo ya kwantar da shi. Duk da haka, a 1918 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Ya koma gida a 1919, ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1920, yana da shekara 32.

Takardun da Suka Kusa Salwanta

Ko a gadon jinya bai ajiye alƙalami ba. A Janairun 1920 ya aika wa Hardy wasiƙarsa ta ƙarshe, inda ya bayyana wani sabon nau'in lissafi da ya gano. Sauran takardun wannan shekara suka bi hannu-hannu: daga Jami'ar Madras zuwa ga Hardy, daga shi zuwa ga G. N. Watson. Da Watson ya rasu a 1965, an same su cikin tarin takardun da ake shirin ƙonawa. A 1968 aka miƙa su ga laburaren Kwalejin Trinity, suka kwanta a kwali har 1976, lokacin da George Andrews, wani masani Ba'amurke, ya gane darajarsu. Ƙa'idoji sama da 600 ne a ciki. An buga su a 1988, sannan a 2002 Sander Zwegers ya warware asirin abin da ke cikin wasiƙar ƙarshe, shekara 82 bayan rubuta ta.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, saura ƙiris wuta ta cinye wannan ilimi. Mu ma a gidajenmu akwai gafakokin kakanni cike da wasiƙu da waƙoƙin ajami, gara da damina na cin su. Ina kira gare mu da mu riƙa buɗe su, mu ɗauki hotonsu, mu kai wa malamanmu, tun kafin wani ya ɗauke su shara.