Maggie Walker, 'Yar Mai Wankau Da Ta Riƙe Asusun Inshora

A wannan fitowa ina so in ba ku labarin wata mata baƙar fata ta ƙasar Amurka mai suna Maggie Lena Walker. Na zaɓe ta ne domin ta yi fice a sana'ar da har gobe wasu ke ganin ta maza ce, wato inshora.

An haife ta a 1864 a birnin Richmond na jihar Virginia, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Mahaifiyarta, Elizabeth Draper, ta taɓa zama baiwa. Da mijinta ya rasu a 1876, sai ta kama wankau don ta ciyar da 'ya'yanta, Maggie kuwa ita ke kai wa masu kaya wankinsu gida-gida. Duk da haka ba ta bar karatu ba. Ta gama makarantar horon malamai a 1883, ta koyar shekara uku. Da ta auri Armstead Walker a 1886, tilas ta ajiye alli, domin dokar lokacin ba ta yarda matar aure ta koyar ba.

To, ina inshora ta shigo? A zamanin nan manyan kamfanonin inshora na fararen fata ko dai su ƙi karɓar baƙar fata, ko su tsawwala masa kuɗi. In mai gida ya kwanta ciwo ko ya mutu, iyalinsa sai bara. Saboda haka baƙaƙe suka kafa ƙungiyoyinsu na taimakon juna. Kowa ya riƙa zuba ɗan abu kaɗan kowane wata, ranar da ciwo ko mutuwa ta zo a fitar a biya. Kusan kamar adashi ne, sai dai nan ba layi ake bi ba, wanda masifa ta faɗa wa shi ke kwasa. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙungiyar St. Luke, wadda wata mata, Mary Prout, ta kafa a Baltimore a 1867. Maggie ta shige ta tun tana 'yar shekara 14.

A 1899 aka ba ta babbar sakatariyar ƙungiyar. Abin da ta gada ba abin murna ba ne: membobi dubu ɗaya da 'yan kai, dala 31 da 'yan canji a asusu, ga bashi ya ninka haka sau goma. Ta gyara littattafan lissafi, ta shiga gari-gari tana wa'azin tanadi. Zuwa 1924 membobi sun kai 50,000, rassa 1,500, ma'aikata wajen 50 a babban ofis na Richmond.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne su wane ne waɗannan ma'aikata. Yawancinsu mata ne. A Richmond ta wancan lokaci, mace baƙar fata ba ta da zaɓi sai wankau, ko aikatau a gidan fararen fata, ko masana'antar taba. Maggie ta san zafin ruwan wanki da idonta, don haka ta mai da ofishinta kamar makaranta. Nan 'yan mata suka koyi buga tafireta, da riƙe littafin kuɗi, da duba takardar wanda ya zo neman diyya. Ba ta da wasa wajen aiki, kuma ba ta tsaya ga ba su kujerar akawu ba, ta sa mata cikin majalisar da ke yanke shawara. Mai ba ka kifi daban, mai kai ka bakin kogi ya miƙa maka fatsa daban.

Kuɗin da ake tarawa kuwa ba ta bar su kwance ba. A 1902 ƙungiyar ta fara buga jaridarta, a 1903 kuma ta buɗe bankin St. Luke, wanda ko kwabo mutum ya kawo za a ajiye masa. Da haka ta zama mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka. Zuwa 1920 bankin ya taimaki iyalai fiye da 600 sun mallaki gidajensu. Ba kome ne ya yi nasara ba. Babban kantin da suka buɗe a 1905 don mata su sami aikin sayar da kaya ya sha adawar 'yan kasuwa fararen fata, aka rufe shi a 1911.

A gida ma ta ga jarrabawa. A 1915 ɗanta Russell ya harbe mahaifinsa da dare, yana zaton ɓarawo ne. Kotu ta wanke shi, amma surutun gari ya daɗe. Daga baya ciwon sukari ya zaunar da ita a keken guragu, sai ta sa aka gyara mata mota yadda keken zai shiga, ta ci gaba da zuwa ofis.

Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suna ta rufewa, ta haɗe nata da wasu bankunan baƙaƙe biyu na Richmond, suka zama guda, ya tsira. Ta rasu ran 15 ga Disamba, 1934. Gidanta yanzu wurin tarihi ne da gwamnatin Amurka ke kula da shi tun 1978, a 2017 kuma aka kafa mutum-mutuminta a titin Broad, titin da kantin nan nasu ya taɓa zama.