Jacob Le Blon: Mai zanen da ya buɗe hanyar buga takarda mai kala

Duk wanda ya taɓa canza tawadar firinta mai kala a ofis ya san iri huɗu ce: shuɗiya, ja, rawaya da baƙa. Tushen wannan dabara yana wurin Jacob Christoph Le Blon, mai zanen da aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1667.

A Amsterdam ya fara gwada cewa shuɗi, rawaya da ja sun isa su fitar da kusan kowane launi. Sai ya riƙa sassaƙa hoto ɗaya a farantan tagulla uku, kowanne da tawadarsa, ya buga su ɗaya bisa ɗaya a takarda guda. Inda shuɗi ya hau rawaya, kore ke fitowa. Daga baya ya ƙara baƙi domin inuwa ta fito sosai. Da ido kawai yake rarraba launukan, aikin da kwamfuta ke gamawa yau cikin daƙiƙa.

A Landan ya samu haƙƙin mallakar fasahar a 1719, ya wallafa littafinsa Coloritto a 1725. Sai dai basirar ba ta kawo kuɗi ba, domin kamfaninsa karyewa ya yi. Ya koma Faris, inda ya mutu a 1741.