Robert LeTourneau, Attajirin da Ya Riƙe Alkawarinsa

Ya ku 'yan'uwa masu bi na Mayo da Omdurman, a wannan shekara ta murna muna tuna da fastoci da masu bishara da suka riga mu. Amma ya kamata mu tuna da masu sana'a kuma, gama yawancinmu da kasuwa da aikin hannu muke ci. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, mutumin Amurka, wanda ya soma da aikin makanike.

An haifi Robert LeTourneau ran 30 ga Nuwamba 1888, a wani ƙaramin gari mai suna Richford. Iyayensa masu tsoron Allah ne, amma shi yaro ne marar son makaranta. Yana da shekara 14 ya bar karatu, ya shiga koyon zubin ƙarfe a birnin Portland. Da ya kai shekara 16 ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu. Daga baya ya koyi gyaran mota, ya buɗe gareji tare da wani abokin ciniki a Stockton, cikin jihar Kalifoniya. A 1917 ya auri Evelyn Peterson.

Sa'an nan wahala ta zo. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi aiki wurin gyaran jiragen ruwa. Da ya komo, ya iske garejin ya karye, bashin dala 5,000 yana wuyansa. A 1919 kuma mura mai tsanani da ta game duniya ta ɗauke ɗansu na fari, Kalibu, tun yana jariri.

Cikin wannan baƙin ciki ya sāke miƙa ransa ga Allah. Yana da 'yar'uwa mai aikin bishara a ƙasar Sin, sai ya yi tsammani shi ma dole ya bar sana'a ya tafi. Ya je wurin fastonsa neman shawara. Bayan sun yi addu'a tare, fasto ya nuna masa Allah yana bukatar 'yan kasuwa kamar yadda yake bukatar masu wa'azi. Tun daga ran nan ya ɗauki Allah shi ne mai dukiyar, shi kuwa wakili ne kawai.

Ya sayi tsohuwar tarakta da bashi, ya shiga baje ƙasa a gonakin mutane. Da dare yakan zauna yana tunanin yadda zai gyara injin ya ƙara kwasar ƙasa, da safe ya ɗauki abin walda ya gwada. Da haka ya soma ƙera manyan injuna irin waɗanda mu muke kira katafila.

Gwaji mafi girma ya same shi a 1931. Ya karɓi kwangilar hanyar da za ta kai madatsar ruwa ta Hoover, sai ya tarar da dutse mai tauri inda ba a zata ba. Hasara ta kai wajen dala 100,000, masu bin bashi suka tsaya a kansa. Duk da haka ya yi alkawarin dala 5,000 domin aikin bishara, ya lissafta shi tare da sauran basusukan da ba makawa sai ya biya. A 1932 ya sa wa injunansa tayoyin roba maimakon ƙafafun ƙarfe, ciniki ya buɗe, ya biya kowa hakkinsa.

A 1935, da shawarar matarsa, suka juya lissafin ushiri. Suka ware kashi 90 cikin 100 domin aikin Allah, suka riƙe kashi 10. Masana'antarsa ta yi girma ƙwarai, har a Yaƙin Duniya na Biyu wajen kashi 70 cikin 100 na injunan kwasar ƙasa da sojojin ƙawance suka yi aiki da su, nasa ne. Abubuwan da ya ƙirƙira aka rubuta da sunansa sun kusa 300. Ya sa fastoci cikin masana'antunsa domin ma'aikata. Ya shugabanci ƙungiyar Gideons, masu rarraba Littafi Mai Tsarki. A ƙarshen mako yakan hau jirginsa ya tafi ba da shaida a majami'u.

Kada wani ya ce bayarwa ta tsare shi daga azaba. A 1937 shi da matarsa suka ji ciwo ƙwarai a hatsarin mota. A 1940 ɗansu Donald, saurayi, ya mutu a hatsarin jirgin sama. Suka yi kuka kamar kowane iyaye, amma ba su janye hannunsu ba. Sauran 'ya'yansu biyar, mace ɗaya da maza huɗu, suka girma cikin bangaskiya, suka kama aiki tare da ubansu.

A 1946 shi da Evelyn suka buɗe makarantar koyon sana'a a Longview, cikin jihar Texas, a wani tsohon asibitin soja, domin samari su koyi aikin hannu tare da Maganar Allah. Ita ce ta zama Jami'ar LeTourneau. A 1952 ya waiwayo Afirka, ya aika da injuna da ma'aikata zuwa Laberiya su share daji, su yi noma, su yi wa'azi. Wannan aiki bai ci gaba yadda ya sa zuciya ba, daga baya aka rufe shi. Ya rasu ran 1 ga Yuni 1969, yana da shekara 80.

'Yan'uwa, yaƙin da ya tashi a 2023 ya cinye shaguna da jarin mutane da yawa a Khartoum da Omdurman. Waɗansunmu kuma tun kafin yaƙi abokan ciniki suka guje su saboda sunan Almasihu. Wataƙila kana cewa, sai na farfaɗo tukuna in tuna da rabon Allah. Ka duba fa, LeTourneau bai soma da kashi 90 ba. Ya soma ne yana cikin bashi, da kabarin ɗansa a gabansa, ya riƙe amana ga Allah da ga mutanen da suke binsa kuɗi. Mai ɗinki, da mai tura baro, da mai sayar da shayi a bakin hanya, kowa yana iya yin haka da abin da ke hannunsa yau. Ubangiji ya same mu amintattu cikin ƙaramin abu. Amin.