Sonny Clark: Makaɗin Da Amurka Ta Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Shekara 31 kacal Sonny Clark ya yi a duniya, kuma daga ranar da ya sauka birnin New York a 1957 zuwa ranar da ya rasu a Janairun 1963 ba a cika shekara shida ba. A cikin wannan ɗan taƙin ne ya yi kusan dukkan aikin da ake tunawa da shi a yau. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinsa, ba don ya fi kowa iya piyano a zamaninsa ba, a'a, sai don ban san wani makaɗin jaz da tazarar da ke tsakanin darajar aikinsa da ladan da ya samu ta kai tasa faɗi ba.

An haife shi ranar 21 ga Yuli, 1931, a Herminie, wani ɗan ƙauyen masu haƙar kwal da ke kusa da birnin Pittsburgh a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Sunansa na yanka Conrad Yeatis Clark, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa lebura ne a ramin kwal, ciwon huhu ya yi ajalinsa makonni biyu bayan haihuwar yaron, don haka bai tashi ya san uba ba. Tun yana ƙarami ya fara taɓa piyano, yana da shekara 12 kuma iyalin suka koma Pittsburgh. Wannan ƙaura ba ƙaramin tasiri ta yi masa ba, domin garin masana'antar ƙarfen nan ya yi suna wajen fitar da makaɗan piyano. Yankin ne ya fitar da Earl Hines da Mary Lou Williams da Erroll Garner da Ahmad Jamal, haka nan mai ganga Art Blakey, wanda za mu sake cin karo da shi a gaba.

Yana da shekara 20 ya tafi Kalifoniya, ya zauna can yana kiɗa da su Wardell Gray. Daga 1953 ya shiga ƙungiyar mai busa klarinet Buddy DeFranco, wadda ya zagaya Turai da ita a 1954, a 1956 kuma ya koma ƙungiyar Lighthouse ta Howard Rumsey. Abinci yana samuwa, amma salon kiɗan gaɓar yamma na wancan lokaci mai sanyi ne, mai lallaɓawa, shi kuwa Clark ɗan makarantar Bud Powell ne, hankalinsa yana gabas inda ake kiɗa da zafi. Da dama ta samu a 1957 sai ya bi mawaƙiya Dinah Washington a matsayin mai yi mata piyano har New York, ya yada zango.

A nan ya kamata in ɗan tsaya in yi bayanin salon da ake kira had-bop, don kada mu yi ta tafiya a duhu. A shekarun 1940 su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka ƙirƙiro bibop, kiɗa mai gudu da sarƙaƙiya, wanda ya fi dacewa da saurare a zaune fiye da rawa. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 sai wasu matasa baƙar fata, irin su Horace Silver da Art Blakey da Clifford Brown, suka riƙe wannan ilimi amma suka mayar masa da gishirin gida, wato buluz da amon waƙoƙin majami'un baƙar fata, suka ƙara wa ganga nauyi, suka tsara karin da mutum zai iya fita yana rerawa a hanya. Kamfanin da ya zama gidan wannan salo shi ne Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939, daga baya abokinsa Francis Wolff ya biyo shi, dukkansu Yahudawan Jamus da suka tsere wa mulkin Hitila. Kamfanin ya bambanta da takwarorinsa a wani abu guda: yana biyan makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar ɗauka, shi ya sa faya-fayansa ba su da hargitsi. Mai ɗaukar sautin kuwa, Rudy Van Gelder, likitan gwajin ido ne da rana, kuma har zuwa 1959 a falon gidan iyayensa da ke Hackensack a jihar New Jersey ake aikin.

Cikin wannan falo Clark ya shiga, kuma cikin 'yan watanni ya zama ɗan gida. Faifansa na farko a matsayin jagora, Dial "S" for Sonny, an ɗauke shi ranar 21 ga Yuli, 1957, ranar da ya cika shekara 26. A watan Satumba ya yi Sonny's Crib tare da John Coltrane da Donald Byrd da Curtis Fuller, makonni biyu kafin Coltrane ya ɗauki nasa shahararren faifan Blue Train. Kafin shekarar ta ƙare ya ƙara da na 'yan uku, shi da Paul Chambers mai babban goge na tsaye da mai ganga Philly Joe Jones. Faifai uku ke nan cikin rabin shekara, ban da waɗanda ya raka Hank Mobley da Lee Morgan da Johnny Griffin da Sonny Rollins.

Sai ranar 5 ga Janairu, 1958, da aka ɗauki Cool Struttin'. Mutum biyar ne: Art Farmer da begila, Jackie McLean da saksofon, sai Chambers da Jones da shi kansa. Kiɗa huɗu ne a faifan na asali, biyu daga ciki, wato wanda aka raɗa wa faifan sunansa da kuma Blue Minor, nasa ne. Na farkon buluz ne tsantsa, mai tafiyar ƙasaita, ba sauri ba nawa. Abin da nake so mai karatu ya kasa kunne gare shi, idan ya samu dama, shi ne hannun dama na Clark. Ba ya cika wuri da tarin sauti kamar yadda wasu gwanaye ke yi don a san sun iya. Amo ɗaya yake bi da ɗaya, a jere kamar mai zaren carbi, kowanne a fili, yana ɗan jinkirta shi kaɗan bayan bugun ganga har ka ji kamar zai makara, amma ba ya makara. Hannun hagu kuwa taɓi kawai yake yi nan da can. A ƙarƙashin wannan fara'a akwai wani ɗaci da ba ya ɓoyuwa, musamman a Blue Minor, inda busar McLean mai kaifi ke fito da abin da piyanon ke rufewa.

Masu sharhi a Amurka ba su yi wa faifan wata kyakkyawar maraba ba, kasuwa ma ba ta yi ba. An ɗauki Clark a matsayin ɗaya daga cikin almajiran Bud Powell masu yawa, aka wuce. A ganina wannan hukunci ya samo asali ne daga wata tsohuwar cuta ta masu sharhi, ta neman wanda ya zo da sabon abu ko ta halin ƙaƙa. Shekarun nan su ne na Thelonious Monk da Ornette Coleman da Coltrane, masu rushe gini su sake tada wani. Clark bai rushe komai ba. Ya tarar da ɗaki a gine, ya share shi, ya yi masa daɓe, ya zauna ciki da kyau fiye da kusan kowa. Irin wannan gwaninta ba ta cika jan hankalin 'yan jarida ba, amma makaɗa sun san ta, shi ya sa suke rububinsa.

Nan ne ma nake ganin ainihin gadonsa yake, wato a rakiya. Ɗan amshi nagari ba ya gasa da mai waƙa, amma idan babu shi waƙar ba ta zauna ba. A watan Agustan 1962 Dexter Gordon ya ɗauki faya-fayai biyu cikin kwana uku, Go da A Swingin' Affair, tare da Clark da Butch Warren da Billy Higgins. Gordon ya riƙa ɗaukar Go a matsayin wanda ya fi so cikin ayyukansa, kuma a 2019 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi. Sunan Gordon ne a goshin faifan, daidai ne, amma duk wanda ya saurara da kunnen basira zai ji wanda ke shimfiɗa masa tabarma.

Akwai kuma wani aiki da ya shafe mu ta fuskar suna. Ranar 13 ga Janairu, 1962, mai jita Grant Green ya shiga ɗakin Van Gelder tare da Clark da Sam Jones da Art Blakey. Cikin abin da suka kaɗa har da Airegin, wanda Sonny Rollins ya tsara a 1954, kuma idan mai karatu ya karanta kalmar daga ƙarshe zuwa farko zai ga sunan ƙasarmu ne da Turanci. Saboda haka da aka tashi fitar da faifan sai aka sa masa suna Nigeria. Amma yaushe aka fitar? Sai 1980, shekara 18 bayan ɗauka, lokacin Green da Clark duk sun riga mu gidan gaskiya. A cikinsa akwai wani kiɗa na George Gershwin da suka ja fiye da minti goma, inda ake jin Blakey yana ihu daga bayan ganguna yana zuga Clark ya ci gaba. Da za a ce in zaɓi wuri guda da zan kafa hujja da shi a kan wannan bawan Allah, nan zan nuna.

Wannan jinkiri ba a kan Nigeria kaɗai ya tsaya ba. Lion yana ɗaukar fiye da abin da aljihun kamfanin zai iya fitarwa, don haka ayyuka da dama suka kwanta a ma'aji. My Conception, wanda Clark ya ɗauka a 1959 kuma duk tsare-tsarensa ne, bai ga hasken rana ba sai 1979, a Japan. Tsakanin Cool Struttin' da faifansa na ƙarshe a Blue Note, Leapin' and Lopin' na Nuwamban 1961, abin da ya fito da sunansa kaɗan ne, mafi muhimmanci shi ne na 'yan uku da ya yi wa kamfanin Time a 1960 da Max Roach da George Duvivier. A can ne ya sa kiɗan Nica, don girmama Pannonica de Koenigswarter, baturiyar nan 'yar gidan Rothschild da ta zama uwar ɗakin makaɗan jaz a New York.

Ba zan ɓoye dalilin wannan giɓi ba, tunda ba kamfani ne kaɗai ke da laifi ba. Clark ya faɗa tarkon hodar hiroyin, annobar da ta cinye makaɗan zamaninsa da yawa, ya haɗa da barasa. Akwai shaida mai tada hankali a kan haka. Shahararren mai ɗaukar hoto W. Eugene Smith yana zaune a wani tsohon bene a titin Sixth Avenue inda makaɗa ke taruwa da dare, ya kuma bi ginin ya sassaƙa na'urorin ɗaukar sauti, har ya tara kaset na sa'o'i kusan 4,000 tsakanin 1957 da 1965. Da marubuci Sam Stephenson ya bi diddigin kaset ɗin shekaru da yawa daga baya, sai ga wani dare na 1961 da Clark ya yi wa kansa allura fiye da kima a ginin, abokinsa yana fama ya hana shi sumewa. Wato na'urar da ta adana mana gwanintarsa, irinta ce ta adana faɗuwarsa. Abin mamaki shi ne 'yan watanni bayan wannan dare ya ɗauki Leapin' and Lopin', wanda babu alamar rauni ko ɗaya a cikinsa, kuma a nan ne tsare-tsarensa irin su Voodoo da Melody for C suka nuna ya fara buɗe wata sabuwar ƙofa.

Ya rasu a New York ranar 13 ga Janairu, 1963, shekara guda cif bayan ɗaukar Nigeria. A hukumance an ce bugun zuciya ne, amma mafi yawan waɗanda suka san shi sun danganta abin da hodar. Kwana uku bayan haka Ike Quebec, wanda ya yi busa mai taushi a Deep in a Dream cikin faifan Clark na ƙarshe, shi ma ya rasu da ciwon dajin huhu. A shekarar ne Bill Evans ya yi masa ta'aziyya da wani kiɗa mai suna NYC's No Lark, wanda haruffan sunan Sonny Clark ne aka jujjuya.

Daga nan Amurka ta yi shiru da zancensa, sai labari ya ɓullo daga inda ba a zata ba. A Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami wasu gidajen shan kofi da ake kira jazu kissa, inda ɗalibai da ma'aikata ke zama shiru suna sauraron faya-fayan da aka shigo da su daga waje, domin tsadarsu ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A waɗannan gidaje Cool Struttin' ya zama cikin waɗanda aka fi nema, har bangonsa, mai hoton ƙafafun wata mata tana taku a titin New York, wanda Wolff ya ɗauka Reid Miles ya tsara, ya zama kamar tambarin jaz a ƙasar. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, ba su jin harshensa, su ne suka riƙe sunansa har kamfanonin Japan suka shiga buga abin da ke kwance a ma'ajin Blue Note a ƙarshen shekarun 1970. Sai bayan haka gida ya farga. A 1986 John Zorn da Wayne Horvitz suka fitar da Voodoo, faifan da ba komai cikinsa sai tsare-tsaren Clark, a 1988 Zorn ya ƙara da News for Lulu, wanda sunan wani kiɗa ne daga Sonny's Crib. A 1997 aka tattara ayyukansa na 'yan huɗu da Grant Green wuri guda.

Blue Note kanta ta bar hannun Lion tun tsakiyar shekarun 1960 lokacin da ya sayar wa kamfanin Liberty, ta yi ta sauya iyayen gida har ta faɗa hannun Universal, kuma ana ta sake buga faya-fayan Clark, kwafin asali na Cool Struttin' kuwa masu tara kayan tarihi na sayensa da dubban daloli. Mai kiɗan bai ga ko ɗaya cikin wannan ba. An yi masa jana'iza a gida Pensilbaniya, kuma Pannonica ce ta ɗauki nauyin kuɗin jana'izar.