Akinola Lasekan: Mai zanen da ya shigar da talaka shafin jarida

A zamanin mulkin mallaka, hoton da aka zana da hannu kayan manya ne. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, ya yi suna ne wajen zana fuskokin lauyoyi da likitoci da sauran masu faɗa a ji na Legas. Akinola Lasekan kuwa, ɗan ƙasar Owo da ke Jihar Ondo ta yau, sai ya karkata alƙalaminsa ga matan kasuwa da makaɗa da sojoji da ma'aikata.

Shi ya koya wa kansa zane, daga baya ya ƙara da darussan da ake aiko masa ta wasiƙa daga Ingila. A Legas ya fara da zana adon atamfa a kamfanin CFAO, sannan ya koma kantin littattafai na CMS yana yi wa littattafai hotuna. Wannan aiki ya horar da shi yin zanen da mai kallo zai fahimta nan take, ko da bai iya karatu ba.

Baiwar tasa ta sami fili a 1944, lokacin da ya fara zanen barkwanci a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Yana sa hannu da laƙabin Lash. Sau da yawa yakan nuna ɗan ƙasa a rame yana ɗauke da kaya, Baturen mulki kuwa ya yi ƙiba da guminsa. Aikin yana da haɗari, domin a 1945, lokacin yajin aikin gama-gari, gwamnati ta dakatar da jaridar.

Sai dai alƙalamin nasa yana da ɓangare. Pilot bakin jam'iyyar NCNC ce, saboda haka da siyasar jam'iyyu ta kankama, Lasekan bai raga wa shugabannin AG da na NPC ba. Wanda zai nemi tarihi a cikin zanensa sai ya riƙe wannan a zuci.

Ya buɗe makarantar koyar da zane ta wasiƙa, ya kuma koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka har rikicin 1966 ya sa ya bar Gabas. Ya ƙarasa aikinsa a Jami'ar Ife, ya rasu a 1972.

Shugabannin da ya yi wa shaguɓe sun bar hotuna da jawabai da tituna masu sunayensu. Mai talla da ɗan dako na wancan zamani kuwa, irin waɗanda ake wucewa yau a titunan Fadaman Mada a Bauchi ba tare da an dube su ba, kaɗan ne suka damu da adana kamanninsu, kuma Lasekan yana cikin na farkonsu.