Dietrich Brandis, Uban Aikin Daji

Yau za mu ba masu karatunmu labarin wani Bajamushe, Dietrich Brandis, wanda a ke ce wa uban aikin daji a ƙasashen zafi. An haife shi a birnin Bonn cikin 1824, ya yi ilmin tsirrai mai zurfi, har ya zama malami a jami'ar garinsu.

Cikin 1856 Gwamnatin Ingilishi ta Indiya ta tura shi Bama, inda fataken katako su ke ta ɓarnar itacen tik, wanda a ke gina jiragen ruwa da shi. Da isarsa sai ya kutsa kurmi, yana ƙirga itatuwa, yana awon kaurinsu, don ya san shekara nawa su kan yi kafin su isa sara. Daga nan ya kafa ƙa'ida, kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Fatake suka yi ta ƙorafi, amma bai janye ba. Ya kuma yarje wa manoma su yi shuka cikin gandu, muddin sun dasa tik tsakanin amfaninsu. Wannan dabara, mai suna taungya, daga baya har Nijeriya ta iso.

Cikin 1864 aka naɗa shi shugaban dazuzzukan Indiya, ya kuwa buɗe makarantar ma'aikatan daji a Dehra Dun cikin 1878. Ya aje aiki cikin 1883, ya koma gida. Littafinsa na itatuwan Indiya ya fito cikin 1906, shekara na zagayowa ya rasu a Bonn.